Tambaya da Amsa: Ina labarin tashar jirgin ƙasa ta Gombe?

Wannan makon kusan rabin saƙonnin da suka shigo duk a kan jirgin ƙasa ne, ina ga tsadar kuɗin mota ce ta sa kowa ya tuna ashe muna da dogo a gari. Waɗanda suka yi kama da juna na haɗe su wuri ɗaya. Masu tambayar gado da rigimar haya ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Kawu, da fatan kana lafiya ya iyali. Dan Allah ka raba mana gardama a majalisarmu. Kakana ya ce Tafawa Ɓalewa ne ya kawo mana jirgin ƙasa Gombe, wani abokina kuma ya rantse ya ce aikin Turawan mulkin mallaka ne tun zamanin su Lugga, wai babu wani baƙin mutum da ya taɓa shimfiɗa dogo a ƙasar nan. Waye mai gaskiya? Daga ɗanka a Bolari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumussalam ɗana. Ka gaishe min da kakan naka, ka ce masa shi ya fi kusa da gaskiya, abokin naka kuma ya rage yawan rantsuwa.

Eh Turawa ne suka fara dogo a Najeriya, wannan ba a ja. Sun taso daga Legas a 1898, suka iso Ibadan a 1901, wani layin kuma ya taso daga Baro a bakin kogin Kwara ya shiga Kano a 1911. Ta gabas kuma an ja daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916 saboda kwal, aka bi da shi ta Makurɗi zuwa Kafanchan har Kaduna, reshe ɗaya ya hau dutse zuwa Jos a 1927. To amma ka duba duk wannan lissafin da na yi maka babu Bauchi a ciki babu Gombe babu Borno. Shekara talatin cur dogo yana tsaye a Jos, mu nan gabas auduga da gyaɗa da fatu sai dai a ɗora wa jaki ko a jira lori ta kwasa a kan hanyar da in damina ta sauka sai addu'a.

Namu layin sai a 1958 aka fara shi. Ya ɓalle ne daga Kuru, kudu da Bukuru kaɗan, ya gangaro ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, sannan ya miƙe ta Bajoga da Buni Yadi ya tiƙe a Maiduguri a 1964, tsawonsa kamar kilomita 640. Kuɗin aikin kuwa akwai bashin Bankin Duniya a ciki na dala miliyan 28 da aka sa wa hannu a 1958, kuma shi ne bashi na farko da bankin ya taɓa ba Najeriya. Ka ga kenan an fara aikin Turawa ba su gama tattara komatsansu ba tunda sai 1 ga Oktoban 1960 aka samu 'yanci, amma ranar da jirgi ya yi kuka a Gombe tutarmu ce a sama. Shi kuma Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa kafin ya zama Firayim Minista a 1957 ya riƙe ministan ayyuka sannan ya riƙe ministan sufuri, a lokacinsa ne ma aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta NRC a 1955, kuma daga fara layin har gama shi yana kan kujerar Firayim Minista. In tsoho ya ce Tafawa Ɓalewa ne ya kawo jirgi bai yi ƙarya ba.

Abun da ya kamata ku riƙe a majalisar taku shi ne dalilin da ya sa aka gina tashar, don zai yi muku amfani a tambayoyin da ke ƙasa. Ba don ɗan Bolari ya hau ya je aiki da safe aka gina ta ba. Don kaya aka gina ta. Gombe ƙasar auduga ce, har yau akwai unguwar da muke kira BCGA da sunan kamfanin gurzar audugar Turawa, to wannan audugar da gyaɗa da shanu su ake so a zuba a wagunu a kai bakin teku. Fasinja ƙari ne, shi ma ɗin na doguwar tafiya, mai zuwa Jos ko Kaduna ko Inugu ko Legas da buhunsa da tabarmarsa da tulin guzuri. Garin kansa ma ba wani tsoho ba ne a wurin da yake yanzu, a 1919 aka dawo da fadar sarki nan Doma bayan an zauna a Gombe Abba da Nafaɗa, zuwan dogo na cikin abubuwan da suka cika shi da baƙi, Yarbawa da Inyamurai da mutanen Binuwai da suka zo aikin reluwe wasu jikokinsu har yau suna nan sun fi ka iya Fillanci.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a jami'ar ATBU, a wani karatu da muka yi na ga an ambaci Bauchi Light Railway wai tun kafin yaƙin duniya na ɗaya, to ya aka yi kuma ake cewa sai 1961 jirgi ya zo Bauchi? Daga Yelwa, Bauchi.

AMSA: 'Yata wannan jirgin bai taɓa taka garin Bauchi ba ko sau ɗaya. Ƙaramin layi ne siriri, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, da aka ja daga Zariya zuwa Jos da Bukuru aka gama a 1914 don kwaso kuza daga ma'adinan kan dutse. A wancan lokacin ƙasar Jos tana ƙarƙashin lardin Bauchi ne, sai a 1926 aka yanke lardin Filato, shi ya sa layin ya ɗauki sunan Bauchi. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan sai kasuwarsa ta fara mutuwa, aka rufe shi a 1957. Tashar da ke garinku ta 1961 ce, kuma ba ƙaramar tasha ba ce a tsarin hukumar, nan ne hedikwatar shiyyar arewa maso gabas ta NRC, wato Gombe ma a takarda ƙarƙashinku take, kar dai ki faɗa wa Gombawa ni na ce.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni ma'aikaciya ce, ina zaune a Tumfure ina aiki a cikin gari, wallahi tun da aka cire tallafin mai kuɗin Keke Napep da na kai yara makaranta ya kusa cinye albashin, kafin 15 ga wata na fara cin bashi. Ƙanina da ke Legas ya ce shi jirgin ƙasa yake hawa kullum ya je aiki ya dawo. To mu da muke da tasha a Gombe tana zaune haka nan me ya hana a sa mana irin wannan? Ko mu ba 'yan Najeriya ba ne? Daga Maman biyu, Tumfure.

AMSA: Lafiya lau Maman biyu, Allah ya raya su ya sa albarka. Tambayarki ita ce ta fi kowacce nauyi a wannan makon don haka ki ba ni aron haƙurinki zan ɗan ja ta.

Irin jirgin da ƙaninki yake hawa daban yake da wanda aka gina tasharmu dominsa. Shi jirgin 'yan aiki ne, na mutanen da haya ta kore su daga tsakiyar birni suka koma gefe amma abincinsu yana cikin gari. Ki ɗauki tashar Agbado misali, ita a taswira ma a jihar Ogun take ba Legas ba, amma dubban mutanen da ke kwana a wurin Legas suke wuni. Tun da daɗewa NRC tana da jirgin da ke kwasar su a kan tsohon dogo daga Ijoko da Agbado ya bi ta Iju da Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba ya sauke su a Iddo, shi ne wanda kike gani a hoto mutane sun cika shi har kan rufi wasu sun maƙale a ƙofa, Allah ya kiyaye. Daga baya gwamnatin jihar Legas ta yi nata, Blue Line mai lantarki daga Marina zuwa Mile 2 kilomita 13 ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, sai Red Line daga Oyingbo zuwa Agbado kilomita 27 da tashoshi 8 ya fara a Oktoban 2024. A can ba a ma miƙa kuɗi hannu da hannu, kati ne ake kira Cowry ki zuba masa kuɗi ki ɗora a ƙofa ta buɗe. Abuja ma suna da nasu da aka buɗe a 2018, ya tsaya lokacin korona, aka sake tayar da shi a Mayun 2024.

To menene aikin irin wannan tashar? A ido ba wani abun a zo a gani ba ne, dakali ne dogo na tsayawa, rumfa, wurin sayen tikiti, gadar ƙafa ta tsallake dogo, banɗaki in an yi sa'a mai ruwa, sai fili a waje inda 'yan acaɓa da masu Napep za su jira. Abun da take sayarwa na gaskiya lokaci ne. In an rubuta jirgi zai tashi bakwai saura kwata to ya tashi bakwai saura kwata, yau da gobe da jibi, kuma in kin makara kin rasa shi ki san akwai wani a bayansa ba da jimawa ba. Ranar da ma'aikaci ya tsaya a dakali awa biyu jirgi bai zo ba har oga ya ja masa jan biro a rajista, shikenan an rabu, gobe ko kyauta ne ba zai dawo ba. Ni a ganina duk wanda zai yi mana maganar jirgin cikin gari in bai fara da wannan ba to fenti kawai yake son sayarwa.

Yanzu mu dawo gida. Matsala ta farko, ina dogon ya bi ina mutane suka bi? Tun da aka yi jihar Gombe a 1996 garin ya yi ta faɗaɗa amma kwalta ya bi, ku 'yan Tumfure titin Bauchi kuka bi, wasu suka bi titin Biu wasu titin Dukku wasu hanyar Kumo, babu wanda ya ce bari in sayi fili kusa da dogo don in riƙa hawa jirgi, tunda babu jirgin. In sai kin hau Napep zuwa tasha, ki hau jirgi, ki sauka ki sake hawa Napep zuwa ofis, to me aka yi kenan, an ƙara miki kashe kuɗi ne.

Ta biyu, dogon namu tilo ne, layi ɗaya mai zuwa da mai dawowa duk a kansa. Yadda ake aiki da irin wannan layin a da, tsoffin ma'aikatan reluwe za su ba ki labari, direba ba ya barin tasha sai shugaban tasha ya yi magana da tasha ta gaba ta waya an tabbatar hanya babu kowa, sannan a miƙa masa wani ƙarfen izini na wannan yankin, ya riƙe shi har ya isa ya miƙa a can. Muddin ƙarfen nan yana hannunsa ba za a saki wani jirgi ya shigo yankin ba. In jirage biyu za su haɗu sai a tashar da ke da layin ratsewa, ma'aikaci ya je ya ja wani ƙaton liba da hannu dogon ya karkata, ɗaya ya shiga gefe ya tsaya ɗayan ya wuce, ga mai tuta ja da kore a tsaye, in dare ne fitila. Tsari ne mai kyau ga jirgi biyu ko uku a wuni. Amma jirgin da zai riƙa tashi duk bayan minti ashirin ba zai yiwu a haka ba sai an ƙara layi ko an yawaita wuraren ratsewa an sa sigina ta zamani.

Ta uku yawan jama'a. Tarago ɗaya yana ɗaukar abun da Napep ashirin ba za su ɗauka ba, ki lissafa tarago biyar ko shida, dole a samu mutanen da za su cika shi safe da yamma duk ranar aiki kafin kuɗin tikiti ya biya ko da man dizal da albashi. Legas mai mutum sama da miliyan 15 ma sai gwamnati ta sa hannu a aljihu. Gombe daga wannan bakin gari zuwa wancan in babu go-sulo ai ba ki cika rabin awa ba.

Ban ce babu abun da za a iya yi ba fa. Wanda nake ganin zai yi ma'ana a wurinmu shi ne jirgin garuruwan kusa, misali Gombe zuwa Bajoga ya je da safe ya dawo da yamma, ya tsaya a ƙananan tashoshin hanya, ya kwaso ɗalibai da ma'aikata da masu kai hatsi da wake kasuwa, a haɗa masa da wagunun kaya a baya, ga masana'antar siminti ta Ashaka a wannan yankin wadda tun 1979 take aiki kuma siminti irin kayan da aka yi dogo dominsu ne. Kayan ne za su riƙe fasinjan. Kuma yanzu doka ta buɗe ƙofa, a Maris ɗin 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya cire harkar jirgin ƙasa daga hannun tarayya ita kaɗai, jiha ma tana iya yin nata. 'Yan uwanmu na Filato sun haɗa kai da NRC sun tayar da jirgi tsakanin Jos da Bukuru da Kuru a kan tsohon dogon nan dai irin namu, amma su sun yi sa'a garuruwan nasu a jere suke a bakin layin. Ke kuma matsalarki ta Tumfure gaskiya ba jirgi ne maganinta ba, manyan bas ne masu tashi a kan lokaci da farashi tsayayye, wannan shi ya kamata ku matsa wa 'yan majalisarku a kai don abu ne da za a iya yi cikin wata shida.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe. Mu a kasuwa abun da muka sani shi ne masu tireloli ne suka kashe jirgin ƙasa don su ci kasuwar dako su kaɗai. Haka ne ko ba haka ba? Daga wani ɗan kasuwar hatsi, Gombe.

AMSA: Alhaji Allah ya ba da kasuwa. Wannan magana na sha jin ta a tashar mota da wurin mai shayi, tana da daɗin faɗa don ta ba mu mutum ɗaya da za mu zaga. Masu tirela sun ci riba da mutuwar jirgi, wannan gaskiya ne, amma kura ta tarar da mushe ne ba ita ta yi kisan ba.

Ka duba lokacin da layin namu ya zo. An gama shi 1964, shekarar da jiragen ƙasar nan suka ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3, wato mun shigo ana tsakiyar cin kasuwa. Shekara biyu kacal sai rikicin 1966, ƙwararrun ma'aikata da yawa 'yan gabas ne suka tattara suka tafi, sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 ya datse hanyar Fatakwal wadda ita ce tashar ruwan da layinmu ya fi dacewa da ita. Ana fita daga wannan sai fari na farkon shekarun 1970, sai cutar da ta kama gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta ɓace, ga kuɗin fetur ya shigo gwamnati ta juya ta kama zuba kwalta ta manta da dogo. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona ciki har da ta auduga. Kayan da aka gina tashar don su ɗin su ne suka fara guduwa kafin jirgin ya tsaya.

Sai kuma ciwon cikin gida, rashin gyara. Dogo abu ne da yake son a bi shi kullum, akwai leburorin da aikinsu kenan su taka a ƙafa suna duba kusoshi suna gyara tsakuwa suna share magudanar ruwa, in aka daina biyansu damina biyu ta isa ta cinye ƙasan layin, balle Gombe da kowa ya san yadda zaizayar ƙasa take mana. In layi ya lalace dole direba ya rage gudu, in ya rage gudu tafiyar wuni ta koma kwana biyu, fasinja ya koma motocin Gombe Line da Yankari Express, kuɗi ya ragu, gyara ya ƙara gagara. An yi ta yunƙuri ba a ce ba a yi ba, an kawo Indiyawa sun riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982 abubuwa suka ɗan miƙe, zamanin Babangida aka ba Samuel Ogbemudia, zamanin Abacha aka kawo 'yan Chana, zamanin Jonathan aka gyara har jirgin Legas zuwa Kano ya dawo a Disambar 2012 kuma wajen ƙarshen mulkin aka ga jirgi ya sake shigowa Gombe mutane suka fito kallo. Kowanne sai ya yi kamar zai ɗore sai ya mutu, saboda ana kashe kuɗi a biki da sayen sabon kan jirgi ba a ware na kula da shi ba. Ɓangaren Gombe zuwa Maiduguri kuma rikicin Boko Haram ya zo ya ƙarasa shi, ka san dai abun da Buni Yadi ta gani.

TAMBAYA: Kawu wai in an gyara dogonmu irin jirgin Abuja zuwa Kaduna mai esi ɗin nan za a kawo mana? Daga wani ɗan bautar ƙasa, Bauchi.

AMSA: A'a ɗana, ko an kawo shi ba zai hau ba. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe a namu dogon milimita 1,067 ne, wato ƙafa uku da rabi, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuma milimita 1,435 ne, haka na Legas zuwa Ibadan na 2021 da na Warri zuwa Itakpe da wanda ake ja daga Kano zuwa Maraɗi. Tayoyin wancan sun yi wa namu faɗi. Aikin da Buhari ya ƙaddamar a Maris ɗin 2021 na Fatakwal zuwa Maiduguri, kilomita 1,443, sake gina siririn layin ne a yadda yake, kuma 'yan yankin nan da na kudu maso gabas sun yi ta ƙorafi a kan me ya sa wasu za a yi musu babba mu a bar mu da ƙarami. Daga cikin aikin abun da ya fara aiki shi ne Fatakwal zuwa Aba, kilomita 62, a 2024. Ka auna 62 da 1,443 ka ga inda muke a layi.

Amma kar ka raina siririn. Afirka ta Kudu irin faɗin namu suke amfani da shi suna jan kwal da ƙarfe tan dubbai, Japan ma yawancin jiragen da ke kai mutane aiki a biranensu a kan wannan faɗin suke gudu, da esinsu da komai. Esi a tarago yake ba a dogo ba. Ni da za a ba ni zaɓi tsakanin siririn da yake tafiya bana da babban da ke cikin takardar alkawari, na san wanda zan ɗauka.

TAMBAYA: Salam. Wani dillali ya nuna min fili mai araha a bayan gari amma gefensa ɗaya ya kusa taɓa dogo, ya ce kar in damu jirgi ya mutu ba zai dawo ba, har ya ce maƙwabcin wurin ma da ƙarfen dogon ya yi dirkar shagonsa. In saya? Daga wani magidanci, Gombe.

AMSA: Wa alaikumussalam. Kar ka saya Malam, ko kuma in ka nace to kar ka ba da ko sisi sai ka yi abu biyu. Ka je ofishin reluwe a tasha ka ce a nuna maka iyakar filinsu a wannan wurin, don dogo ba ƙarfen nan biyu kaɗai ba ne, akwai fili dama da hagu da doka ta ware masa kuma mallakin gwamnatin tarayya ne, shekara nawa jirgi ya yi bai wuce ba bai canja wannan ba. Sannan ka je ma'aikatar filaye ta jiha a duba ko wurin yana da takarda ta gaskiya. Takardar mai unguwa da shaidu uku ba za ta tsayar da katafila ba ranar da ɗan kwangila ya iso, an rushe gine-gine masu yawa a hanyar Legas zuwa Ibadan lokacin aikin sabon layi, kuma wanda ya yi gini a cikin filin reluwe ba shi da bakin neman diyya kamar mai halastaccen fili. Dillalin da ya ce maka jirgi ba zai dawo ba ka tambaye shi ko zai rubuta ya sa hannu cewa zai maido maka da kuɗinka in ya dawo, ka ga yadda zai canja hira.

Shi kuma maƙwabcin mai dirka ka yi nesa da shi. Cire ƙarfen dogo ko kusoshinsa ko sayensu a hannun 'yan gwangwan laifi ne da ake ɗaure mutum a kai, sibil difens sun sha kama motoci maƙare da shi an rufe da buhuna a sama, kuma mai saye da mai sayarwa duk ɗaya ake ɗaukarsu. In filin kake so da gaske ka ce wa dillalin ya nemo maka wani can ciki ko da zai ɗara wannan kuɗi, ka kuma je da wanda ya san awo ya duba maka hanyar ruwa kafin damina, don a Gombe bayan dogo akwai kwari ma da ke cin gida.